Aduwar da Baba Ya Ajiye

A gidanmu ba a ƙidayar ƴaƴa. In baƙo ya yi kuskure ya tambayi Baba yawan iyalinsa, sai ya ce alhamdu lillahi, ya sake zance. Cewa yake ƙidaya tana jawo baki, kuma abin da aka ƙidaya shi ke raguwa. A kan wannan dai ba zan yi masa gardama ba, don ba a taɓa ƙidaya mu ba kuma ba mu ragu ba. Itatuwan gonarsa ne yake ƙidayawa kullum, ya san kowane da inda yake tsaye, su kuwa suka ƙare.

Ƙauyenmu yana ƙasar Adar, arewa da Tawa, in ka bar hanyar Takanamat ka ratsa cikin duwatsu. Sanda nake yarinya gonar Baba cike take da gawo da aduwa da magarya da kalgo, har akuya kan ɓace mana a ciki mu yini nema. Ƙyauren ɗakinsa ma daga gonar ya fito. Shekarar da ya auri Inna ya sa masassaƙi ya kayar da wata tsohuwar aduwa ya fitar masa da alluna masu kauri, aka haɗa ƙyaure mai nauyin tsiya, wanda in ya yi ƙara da asuba kowa ya san mai gida ya tashi, mai sauran barci ya tattara shi. Ni ce aka sa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "uwata". Shi ya sa kuma nake faɗa masa abin da yayyena maza ba sa iya faɗa. Inna takan ce an ba ni baki tun ban yi haƙori ba.

Wanda bai taɓa zuwa suna a ƙauyen Adar ba, bari in gaya masa. Ba a dafa ragon suna a tukunya. Feɗe shi ake yi, a buɗe shi, a tsire shi da sanduna, a kafa a gefen wuta tun hantsi, ana juyawa ana yayyafa ruwan gishiri har rana ta yi sanyi. Wutar nan ba ta kara ba ce, kara fuu yake yi ya mutu. Icce take so mai kauri, wanda zai yini yana ci. Baba kuwa alfaharinsa guda ne a duniya: ba a taɓa gasa ragon sunan gidansa da iccen saye ba, balle na roƙo. Ranar da aka haihu, kafin mai jego ta gama shan kunun kanwa, ya saɓa gatari ya nufi gona. Ga kuma ruwan wankan jego da ake tafasawa safe da yamma har a yi arba'in, shi ma ba da yawun baki ake ɗumama shi ba. Kowane jariri a gidanmu da iccensa yake zuwa, ni ma an ce magarya aka kayar mini.

An sa ni lakwal, wato makarantar boko, don mai gari ya ce kowane gida ya ba da ɗa guda, Baba kuwa ba zai ba da namiji mai riƙe hauya ba. Haka na zama ungozomar likita, na yi aure a Tawa, na zauna can. Matan gidanmu in haihuwa ta yi gardama ni ake kawo wa a motar kasuwa, in an sauka lafiya in ba su magani da faɗa su koma.

Faɗan kuwa na koyo shi ne a tarurrukan da ake kai mu. Ana tara mu a ɗaki mai sanyi, a ba mu lemo da nama, a yi mana bayani a kan tazarar haihuwa da yadda yawan jama'a ke cinye daji. Wata rana aka raba mana wani ƙyalle mai zane, don mu riƙa nuna wa mutanen karkara. A gefe guda ga mutum da matarsa da ƴaƴa biyu, kowa kumatu cike, suna dariya a gindin icce mai ganye. A ɗaya gefen ga wani da garken yara, duk haƙarƙari waje, suna tsaye a kusa da kututture. Na naɗe shi na kai gida da zafina, na shimfiɗa a tsakar gida bayan la'asar, na yi bayani har maƙogwarona ya bushe.

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan mai ƴaƴa biyun.

"Uwata, wanga bawan Allah mi ya same shi? Ciwo ya yi?"

Na ce lafiyarsa lau, tsari ne ya yi. Ya girgiza kai don tausayi, ya ce Allah ya ƙaro masa. Da ya juya kan mai kututturen sai fuskarsa ta saki, ya ce wannan kam ya sha suna, kuma da gani bai sayi icce ba. Matan yayyena su kuma abin da suka so sani shi ne ko ana samun irin zanen matar mai ƴaƴa biyu a kasuwar Tawa. Na harzuƙa, na ce wallahi gidan nan ne zai mayar da Adar hamada. Baba ya ce ai ni ke jawo su duniya da hannuna, shi rago kawai yake yanka musu. In kuma wani yana son sanin nawa ƴaƴan nawa ne, to, a gidanmu ba a ƙidayar ƴaƴa. Sun dai wuce na ƙyallen nesa ba kusa ba. Laifi tudu ne, kuma iccen da nake saye a ƙofar gidana daga masu amalanken jaki ban taɓa tambayarsu daga dajin wa suka saro shi ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Duk wanda ya yi aure a cikin maza Baba ya yankar masa gayauna daga gonar, a dasa gamba a kan iyaka. Ƴaƴansu suka taso aka sake yankawa, har gonar ta koma zirin-zirin, wani wurin in jaki ya tsaya a gicciye kansa na gonar wani, wutsiyarsa na gonar wani. Hatsin ba ya kai kowa rani, sai maza suka kama tafiya biɗa, wato cirani, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Najeriya. Sukan dawo gab da damina da rediyo da katifa, su yi noma su koma. Kafin su sake dawowa an yi suna. Na taɓa ce wa babban yayanmu ko ya riƙa aiko da kuɗin kawai ya huta da wahalar mota, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata.

Gawo ya ƙare, magarya ta ƙare. Mata suka koma tafiyar yini neman icce, daga baya suka koma tsintar kara da kashin shanu, abin da da can ake bar wa gona ta ci. Iska ta kwashe ƙasar sama, ruwa ya kwashe saura, aka bar mu da faƙo mai ƙyalli wanda ko hauya tsalle take a kansa. A tsakiyar wannan fili sai icce guda ya rage, wata aduwa madaidaiciya a ɗan yankin da Baba ya bar wa kansa. Ita kam ya ce duk wanda ya taɓa ta bai yafe ba. Ya kewaye ta da ƙaya, yana zuwa duba ta da sandarsa ko da ƙafa ta fara ƙi.

Wani saurayin ma'aikacin gandun daji ya gan ta, ya ji labarin tsohon da ya hana a sare ta, sai murna ta kama shi. Ya kawo baƙin furoje, masu aikin raya karkara, a farar mota, aka tsayar da Baba a gindin aduwar aka yi ta ɗaukar hoto. Suka tambaye shi dalilinsa. Ya ce yana da amfani da ita ne. Mai fassara ya ga maganar ta yi kaɗan ga mutanen da suka sha wannan tafiya, ya ja ta da Faransanci har ta kai wa'azi, baƙi suna ta rubutawa suna gyaɗa kai. Suka ba shi koriyar hula mai hoton icce a goshi. Ni kaina na yi ta yawo da labarin a wurin aiki, ina cewa ƙyallena ne ya yi tasiri a ƙarshe.

Sai da na je gida na zauna a ƙofar ɗakinsa ina yaba masa, ya bari na gama tsaf, sannan ya gaya mini gaskiya. Wani amininsa ya rasu a bazarar da ta wuce. Da aka zo jera icce a kan ƙaramin ramin kabari, wanda ake liƙewa da laka kafin a tura ƙasa, aka rasa mai kauri a garin kaf, aka yi da ƴan tsirarun rassan sabara da kara. Ruwan farko da aka yi kabarin ya rufta. Baba ya gani da idonsa yana wucewa, kuma tun ranar abin bai bar shi ba. Ya ce aduwa gara ba ta cin ta da wuri. Ya ce duk wanda ya shigo duniya ta gidansa ya yi masa wuta da iccen gonarsa, shi ma yana son ranar fitarsa a rufe shi da na gonarsa.

"Ke ad da baki, uwata. Ki tsare mini ita."

Na ji kunyar alfaharin da na yi ta yi da ƙyalle, kuma na ji tausayinsa har idona ya ciko. Na karɓi amana. Allah ya sani na tsare ta da bakin da aka ce ina da shi. Ranar da na ji matar wani ɗan yayana ta sari reshe don ruwan jego, na hau mota takanas na je na yi mata tatas, har yau in ta hango ni sai ta tuna tana da aiki a bayan ɗaki. Na sayi tukunyar gaz na aika don a rage wa aduwa ido. Suka yi girki da ita har ta ƙare, aka rasa mai kai ta Tawa a cika, ta zama kujerar da ake zama a kai ana tsefe kai.

To, a cikin gidan nan da ko'ina ka taka sai ka taka yaro, akwai ɗaki guda da babu kuka, ɗakin autanmu. Matarsa yarinya ce mai haƙuri, ciki yana shiga yana zubewa, wanda ya tsaya kuma a haife shi ba rai. Shekara da shekaru ita ke tafiyar neman iccen wankan jegon wasu, ita ke hura wutar, ba ta taɓa shiga ruwan ba. Da ta sake samun ciki na ɗauko ta na ajiye a gidana a Tawa, na hana ta ko ɗaga buta. Ranar da yaron ya faɗo hannuna ya tsala kuka, ni mai wa'azin tazara na zauna a ƙasan ɗakin haihuwa na yi kuka fiye da shi. Autanmu ya ce sunan Baba za a sa masa.

Muka koma ƙauye kafin kwana bakwai su cika. An sami rago, icce ne babu. Na ce wannan ba abin damuwa ba ne, zan aika Tawa a cika amalanke a kawo, ko kuwa a dafa naman a tukunya kamar yadda mutanen birni suka fara yi, ba wanda ya mutu. Baba yana kishingiɗe a tabarma, ya ce a miƙo masa gatari a duba ko yana da kaifi. Nan take na gane inda ya dosa, aduwar nan yake nufi. Na ce masa iccen Tawa ma ai daga dajinmu aka kai shi, sayen sa dawo da namu ne. Ya ce yaran da aka haifa ba wuya duk an gasa musu da iccen gona, ba zai yiwu wanda aka daɗe ana jira, kuma takwaransa, a fara masa da na kasuwa ba.

"Baba, amanarta ka ba ni."

"Tsaro na ba ki, uwata, ban ba ki gado ba."

"To ranar da aka zo rufe ka fa?"

Ba a yi wa uba wannan tambayar, ko da kuwa ke ce uwarsa. Shi kuwa dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. Ya ɗaga sandarsa ya nuna yaran da suka cika gidan, na goye da na rarrafe da masu gemu.

"Duba gidan ga da kyau. Kowane ya kawo mini sanda guda, har rumfa sai an yi mini."

Aka ɗora shi a amalanke aka kai shi gona, da koriyar hularsa ta furoje a kai, don ita ce mai tare rana. Shi ya yi saran farko, gatarin ko ɓawo bai ratsa ba, sannan jikoki suka ƙarasa. Ban je ba, ina ɗaki ina huci. Washegarin suna da aka yi rabo aka kawo mini kasona, na ce ba na ci, daga baya na ci. Naman ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Matar autanmu kuma ta yi wankan jegonta da sauran rassan, ta fito jawur tana murmushi, kuma duk fushina ban iya cewa ba ta cancanta ba.

Baba ya ƙara damina biyu a duniya. Sau da yawa in na ga masu amalanke a Tawa da icce mai kauri sai in ce bari in saya in kai in ajiye. Amma da wane ido zan sauka a ƙofar gida, ubana yana zaune yana shan iska, ni kuma da iccen kabarinsa a saman mota? Kullum sai in ce sai wani zuwan.

Ya rasu da hantsi, a tsakiyar bazara, ina riƙe da kansa. Kafin a gama wanka gidan ya cika ya batse, zuri'arsa kaɗai sun isa jana'iza ba sai an gayyato kowa ba. Masu haƙa suka aiko cewa kabari ya kusa, a kawo icce. Babban yayanmu ya tara samari da yara ya ce kowa ya bazu. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, sai na tsaya a jikin dangar kara ina leƙe. Na gan su sun watsu a cikin faƙo ta kowace fuska, tuli guda, har inda ido ya ƙare. Na ce a raina, to Baba, ga sarkin yawan naka, bari mu gani.

Suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya dawo hannu sake, wannan kam ya faɗi gaskiya, kowa ya kawo sandarsa. Wani reshen sabara kamar yatsa, wani saiwar kalgo, wani busasshiyar tumfafiya da za ka iya murƙushewa da hannu, ƙanana kuma suka kawo kara. Aka zube a ƙofar gida, tsibi ya yi tsibi, babu guda ɗaya da zai ɗauki nauyin ƙasa. Aka buga waya Tawa, aka ce mota ba za ta iso ba sai yamma. Rana tana dukan ƙwaƙwalwa, liman ya ce ba a jinkirta gawa.

Yayanmu ya shigo cikin gida, shi ma tsoho ne yanzu, ya tsaya yana dube-dube kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Sai idonsa ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba. Ya kira autanmu suka kama ƙyauren su biyu suka ɗaga, ya yi ƙarar nan tasa da muka sani tun muna yara, ya fita daga mazauninsa. A nan tsakar gida aka ɓamɓare allunan aka yanka su daidai faɗin rami. Tun safe ban yi kuka ba, ina ta ba da umarni kamar a ɗakin haihuwa. Da na ga an fita da allunan nan a kafaɗa, sai na zauna a kan tukunyar gaz na yi kukan da ban taɓa yi ba. Ya dai samu abin da ya roƙa, aduwar gonarsa ce, sai dai ba wadda ya sa ni tsaro ba.

Kafin a share makoki an riga an san wanda zai shiga ɗakin, wani jika ne da za a ɗaura wa aure bayan girbi, aka rataya tabarma a ƙofar. Takwaran Baba, da ya fara tafiya, ya yini yana shiga yana fita ta ƙarƙashinta yana neman tsohon da ke ba shi ƙuli-ƙuli.

Ranar da zan koma Tawa na tuna an bar guntayen allo biyu da suka yi saura wajen yanka. Na so in tafi da ɗaya in ajiye a ɗakina. Na duba inda aka jingine su ban gani ba. Na fara ɗaga murya, sai matar babban yayanmu ta ja ni gefe ta nuna mini su a ƙarƙashin gadonta, an lulluɓe da buhu. Ta ce in yi haƙuri, matar jikanta ce ta shiga watanta, kuma na san Baba ba zai so a gasa da na saye ba.

Na mayar da buhun na lulluɓe su. Na ce a kira mini yarinyar. Na kwantar da ita na shafa cikin, kan ɗa ya riga ya sauka. Na ce su fara neman rago.